Kunnen da Na Ara wa Maigidana

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan na Gummi, in an cire biki da gaisuwar rasuwa da zuwa asibiti, ana iya ƙirga fitata da yatsu. Amma Allah Ya ba ni baki, Ya kuma ba ni kunne. Bakin kowa ya san da shi, Innata takan ce ko kazar maƙwabta ce ta shigo sai na tambaye ta lafiyar mutanen gidansu. Kunnen ne ba a cika sani ba. Ina zaune bakin murhu zan faɗi wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa, kuma in tukunya za ta kama, kafin ƙauri ya tashi na riga na ji tafasarta ta sauya murya.

Maigidana makanike ne. Garejinsa ba wani gareji ba ne, gindin dogon yaro ne a ƙofar gida, da benci ɗaya, da akwatin ƙarfe na sifanu, da ƙasar da baƙin mai ya rina har ciyawa ta daina fita. Katangar madafina ce kaɗai tsakanina da shi. Shekara talatin da ɗoriya ina turara shinkafa a wannan gefe, shi yana tayar da injuna a wancan. Ban taɓa riƙe sifana ba, boko kuma aji uku na yi, amma babu motar da ta saba zuwa wurinsa da ban san muryarta ba.

Abin da ya yi suna a kai shi ne daidaita wutar inji, abin da su ke ce wa tayimin. Tun ina amarya ya bayyana mini shi, yana cin tuwo ina masa fifita, don ni ban iya ganin mutum yana ci in bar shi ya ci shiru. Ya ce in ɗauka mata biyu ne ke lugude a turmi ɗaya. In ɗaya ta yi nawa, daka ya yi sanyi. In ta yi gaggawa ta sauke taɓarya kafin 'yar uwarta ta ɗaga, sai taɓare su gwabza. Haka wuta da fistan, ƙarfen da ke hawa yana sauka, suke a cikin inji. In wuta ta makara, mota sai ta yi nauyi, ta yi ta shan mai, tana tari ta salansa. In ta riga lokacinta, fistan na hawowa za ta tare shi ta doke shi a ka, nan ne ake jin wata 'yar ƙara siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa, musamman in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Ya ce wannan ƙarar inji ne ke cin kansa.

Na sha leƙensa ta zaure yana aikin. Tsofaffin motoci suna da wani abu kamar 'yar tukunya a gefen inji, mai wayoyi da ke tafiya zuwa filogi, ana ce mata distiributa. Sai ya bar inji ya yi ɗumi, ya sassauta noti ɗaya da ke riƙe da ita, ya dafa ta da tafin hannu, ya karkatar da kai gefe kamar wanda ake gaya wa asiri. Ya murɗa kaɗan, inji ya ɗaga murya. Ya dawo kaɗan, ya kwantar. Akwai alamar da maƙera motar suka yi don a bi, amma yakan ce alamar don man ƙasarsu aka yi ta, ba don man galan na bakin hanya ba, wanda na yau daban na gobe daban. Don haka ba ya sallamar mota sai ya ɗora mata nauyi ya hau tudu da ita a babban giya, ya take totur, ya saurara. In ya ji tsakuwa ya tsaya, ya mayar da distiributa baya kamar kaurin ƙwayar gero, ya sake hawa. Daga Anka, daga Bukkuyum, direbobi kan wuce makanikai goma su zo gindin icenmu saboda wannan kunnen.

Shekarun da aka rufu kan haƙar zinariya, ya yi rani biyu yana zuwa wajen Tungar Daji gyaran injinan niƙa dutse. In ya dawo yakan ce kunnensa na ƙugi kamar an kifa masa ƙwarya. Kwana biyu ya wuce, ba mu ɗauke shi komai ba. Sai bayan shekaru na fara lura. Wayarsa na kuka a aljihunsa ba ya ɗagawa. 'Yan tsaki na tsiwa a ƙarƙashin kujerarsa har ya kusa taka su. Rediyo da yake sa wa ƙasa-ƙasa ya koma har gidan baya ana jin labarai. In ina magana sai ya zuba wa bakina ido, abin da bai taɓa yi ba ko muna yara. Manyan sauti yana ji, kiran salla, tsawa, gurnanin inji. Ƙananan ne, masu siririyar murya, suka riƙa sulale masa ɗaya bayan ɗaya. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Na dai ƙara ɗaga murya, da ma ba a san ni da ƙaramar murya ba, don haka ba wanda ya gane.

A lokacin sababbin motoci sun yi yawa, waɗanda na'ura ke daidaita musu wuta da kanta. Masu zuwa wurinsa sun ragu, sai masu tsofaffin da ba su da halin sauyawa, waɗanda motar ce gonarsu ita ce kasuwarsu. Cikinsu akwai ɗan kawuna, taubashina, da ke zaune a Adabka. Yana da akori-kura wadda ta girmi babbar ɗiyarsa, da ita yake kai hatsi kasuwa ya komo da shinkafa. In ya kawo gyara yakan bar motar waje ya shigo cikin gida neman fura da tsokana.

"Rediyo mai jini, yau wace tasha muka kama?"

"Tashar masu motar da akuya ke wucewa a hanya," na ce masa. "Zauna ka huta, na san turo ta ka yi tun daga Adabka."

Ya ce ai shi ya sa ya kawo ta wurin mijina, tun da mutumin da ya iya zama da ni shekara talatin babu injin da zai gagare shi.

Ran nan da kaka ne, da hantsi. Ya ce motar ta yi masa nauyi, ba ta ja. Maigida ya buɗe ta, ya share filogi, ya daidaita wuta, ya zaga da ita ya dawo yana murmushi, ya ce yanzu ta zama budurwa. Aka loda buhunan shinkafa, taubashina ya leƙo ya yi mini sallama ya tafi. Daga ƙofar gidanmu zuwa kwalta akwai ɗan tudu. Ina tsaye da faifai a hannu ina sheƙa, motar ta kama tudun, sai na ji ta. Siririya, a ƙarƙashin gurnanin inji, ƙir-ƙir-ƙir, tsakuwa a gwangwani. Ba kaɗan ba. Har ta hau kwalta ina jin ta.

Hannuna ya tsaya a kan faifan. Ina da waya a ɗaure a bakin zane, lambar taubashina na ciki. Maigida kuma yana bayan katanga yana wanke hannu da kananzir, yana 'yar waƙarsa. Na san abin da na ji. Amma in na buɗe baki, me zan ce? Cewa zan yi mutumin da ake tahowa daga Anka don kunnensa ba ya jin abin da matarsa ke ji daga madafi. Na ce wa raina wataƙila kwanon bodi ne ya saki. Na ce wataƙila sarƙar bayan motar ce ke kaɗawa. Ni da ban iya riƙe labarin haihuwar akuya ba, ranar na haɗiye wannan, na ci gaba da sheƙata.

Bayan kwana uku aka jawo motar da tarakta. A hanyar Adabka ta yi zafi, ta yi hayaƙi, ta mutu. Taubashina ya wuni a bakin hanya da kaya tun hantsi har la'asar sakaliya, a wurin da shekarun nan ko mai babur ba ya son tsayawa gyara hula. Allah Ya tsare, ba abin da ya same shi. Da ya shigo gaishe ni bai kira ni rediyo ba. Ya sha ruwa kofi biyu, ya ce duk kurar da ya hango daga nesa sai ya karanta abin da ya sawwaƙa. Na ce sannu, na ce Allah Ya kiyaye gaba, na kasa kallon idonsa.

Da aka sauke kan inji aka tarar fistan ɗaya ya huje a tsakiya, kamar an soka masa ƙarfe mai zafi. Ina jin su ta katanga, shi da maigida da masu zaman benci, duk sun haɗu a kan mai ne, wai an gauraya shi da wani abu. Aka yi ta tsine wa masu algus. Maigida ya ce zai sake haɗa injin, sati ɗaya ya zo ya ɗauka. Taubashina ya hau motar haya ya koma gida.

Satin nan ban ji daɗin tuwo ba. Ina jin yana haɗa injin, kowane noti da ya ɗaure kamar a ƙirjina. Na san in ya gama zai dafa distiributa, zai murɗa ta wajen da inji ke ɗaga murya, don wannan muryar ce kaɗai ta rage masa, kuma abin da zai ce masa ya isa haka ba zai ji shi ba. Motar za ta sake hawa hanyar nan. In na yi shiru, ɗan kawuna ne a ciki. In na yi magana, na karɓe wa mijina abin da ake girmama shi dominsa.

Rana ta biyar, bayan azahar, na kai masa abinci ɗaki. Na zauna gefe na ce, "Malam, ba mai ba ne."

"Mi kika ce?"

Irin wannan magana a hankali ake faɗinta, da sunkuyar da kai. Ni kuwa ba ni da wannan damar, in na yi ƙasa da murya ba zai ji ba, in na ɗaga masu benci za su ji. Sai na tashi na dawo gabansa na durƙusa, inda zai ga bakina.

"Na ce ba mai ba ne. Ran da motag ga ta bar nan tana kukan tsakuwa. Na ji ta tun daga madafi har ta hau kwalta."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Na yi zaton zai ce ina ruwan mace da inji, na ma shirya amsa. Bai ce haka ba. Ya dube ni ya ce, "Kin ji, kika bar shi ya tahi?"

Ya rufe kwanon, ya wanke hannu, ya fita.

Kwana biyu ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Injin ma bai taɓa ba, ina jin shirun ta katanga. Rana ta uku da safe, bayan ya dawo daga masallaci ya karya, sai ga shi ya shigo tsakar gida da gwangwanin madara a hannu. Ya tsinci tsakuwa huɗu ko biyar a bakin rijiya ya zuba a ciki, ya miƙo mini. Ya ce in tsaya a bayansa, taku uku, in ya ce in kaɗa in kaɗa, a hankali, daidai yadda na ji a motar. Ya juya mini baya. Gwangwanin ya fara ƙara a hannuna tun kafin ya ba da izini, sai kawai na ci gaba. Ina kaɗawa, ina kallon ƙeyarsa, furfura ta cinye ta. Kaji ma sun ɗago kai suna kallona.

Can ya ce, "To, kaɗa mana."

Na tsaya. Ya juyo ya ga fuskata, ya ga gwangwanin. Ya karɓa ya kai shi daf da kunnen dama ya girgiza, ya mayar hagu ya girgiza. Ya zubar da tsakuwar a inda ya tsince ta. Ya ce Allah Shi ke bayarwa, Shi ke karɓa. Sannan ya ce in sa hijabi bayan la'asar, za mu fita.

Na ce ina za mu. Ya ce motar mutane ba za ta gyara kanta ba.

Ya gama haɗa injin, ya sa aka loda masa buhunan yashi don nauyi. Na fito, masu benci suka yi ta kallon ikon Allah, wani dattijo ya tambaya ko asibiti za a kai ni. Maigida ya ce a'a, iska za ta sha. Rabon da in zauna gaban mota kusa da shi tun muna da ɗiya ɗaya. Ya ce in na ji ƙarar kada in yi magana, in bugi gaban motar da tafi, zai gani.

Muka nufi tudun da ke bayan gari. Da farko na rikice. A madafi katanga kan tace mini sauti, a nan kuwa komai kuka yake, ƙofa, gilashi, kujera, buhuna na gurzar bodi. Ya sa babban giya ya take totur, muka kai ƙarshen tudun ban buga ba. Ya kalle ni. Na ce ban sani ba, ƙarar ta yi yawa. Ya ce in rufe ido, in bar na sama, in nemi wanda ke fitowa daga wajen ƙafafuna. Muka sauko muka sake hawa. Na rufe ido. Ga ta nan kuwa, can ƙasa, ƙir-ƙir-ƙir. Na bugi gaban motar har tafina ya yi zafi.

Ya tsaya a gefe, ya buɗe gaba, ya sassauta noti, ya mayar da distiributa baya kaɗan, ya ɗaure. Muka sake. Tana nan, amma ta ragu, sai a tsakiyar tudu. Na buga. Ya sake sauka. A hawa na gaba ban ji komai ba, na ce masa ta tafi, har na fara murna. Ya girgiza kai ya ce ta tafi amma ya wuce wuri, motar ta yi nauyi, wannan shi ma yana ji, a tafin ƙafarsa yake ji. Ya dawo da ita gaba, rabin abin da ya mayar. Sau shida muka hau tudun nan. Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya suna kallonmu, mota na hawa tana sauka kamar mai neman abin da ya faɗi. A na shida ƙafarsa ta yarda, kunnena ma ya yarda. Ya ɗauko ƙusa ya karta alama a jikin ƙarfen, ya ɗaure notin da kyau.

A hanyar komawa bakina ya buɗe, kwana nawa yana ɗaure. Na ce ai ga hanya ta samu. Ba sai kowa ya sani ba. Duk motar da ya daidaita ya hau da ita ɗan tudun ƙofar gida, ni ina madafi, in na ji wani abu in buga turmi sau biyu, ko in aiko a ce ana kiransa ciki. Na yi ta tsara abin, har da yadda za mu yi in da baƙi. Ya bar ni na gama, yana kallon hanya yana kallon bakina.

Ya ce, "In kin tahi biki fa? In zazzaɓi ya kwantar da ke? Mutum na barin garinsu ya zo nan don ya yarda da kunnena. In babu kunnen, haƙƙinsa ne shi sani."

Na ce to ai mutane za su daina zuwa. Ya ce ya sani.

Washegari taubashina ya zo. Ina zaure, ban ɓuya ba. Masu benci na nan, mutum huɗu. Maigida ya miƙa masa makulli, sannan a gabansu duka ya ce ba mai ne ya huda fistan ba, shi ne ya kai wuta gaba fiye da kima, don kunnensa ya daina jin ƙarar da ake tsayawa a kanta. Ya ce wunin da taubashina ya yi a bakin hanya a wuyansa shi maigida yake, ya roƙe shi ya yafe masa. Ya ce wannan karon an daidaita ta daidai, amma ba da kunnensa ba, da nawa ne. Bai faɗi cewa na ji tun farko na yi shiru ba. Wannan ni na faɗa, daga zaure, da bakina.

Taubashina ya juya makullin a hannu, ya dubi maigida, ya dubi ƙasa. Ya ce babu komai, abin da Allah Ya rubuta ne, shekara ashirin motar nan na cin albarkacin wannan hannu. Sannan ya waiwayo wajena ya ce ashe rediyon nan tana kamawa, shi ya ɗauka watsawa kaɗai ta iya. Aka ɗan yi dariya, ba mai yawa ba. Ni ban samu abin rama masa ba, karo na farko tun muna yara.

Bayan sati ɗaya wani direba ya zo daga Bukkuyum da tsohuwar motar haya, ya ce tana masa tari, an ce a nan ake daidaita wuta. Ina jin su. Maigida ya ce da can ne, yanzu ya bari. Ya kwatanta masa wani makanike a bakin tasha mai fitilar da ake haska inji da ita, ya ce ya je can, amma kada ya yarda a sallame shi sai an ɗora nauyi an hau tudu, kuma shi da kansa ya kasa kunne. Ya gaya masa irin ƙarar da zai nema. Ya ce in birki ne ko sifirin ko wani abin da ido da hannu ke yi, ya kawo, yana nan.

Mutumin ya ce birkinsa lafiya lau. Suka yi musabaha, ya tayar da mota ya tafi. Maigida ya koma kan benci ya zauna, ya jawo akwatin sifanu, ya fara goge su ɗaya-ɗaya da tsumma.